Me Ya Sa Matuƙan Ƙananan Jiragen Ruwa Ke Tsoron Gaɓa In Guguwa Ta Taso?

Duk wanda guguwa ta rutsa da shi a kan ruwa, abu na farko da zuciyarsa ke raya masa shi ne ya nufi tudu. Yana hangen fitilun gari, yana cewa ai saura ƙiris. Tsofaffin matuƙa kuwa, in iska ta ɓaci, tudun nan da ake hange shi suka fi tsoro. Ruwa mai zurfi yakan jijjiga jirgi har ya galabaitar da na ciki, amma ba kasafai yake fasa lafiyayyen jirgi ba. Duwatsu da rairayin bakin gaɓa su ke fasa shi.

A daren 25 zuwa wayewar garin 26 ga Oktoban 1859, jirgin Royal Charter, wanda ya taso daga Melbourne ta Ostireliya zuwa Liverpool, ya gamu da guguwa a gefen tsibirin Anglesey na yankin Wales. Ya shafe kusan wata biyu yana keta manyan tekuna lafiya lau, saura tafiyar 'yan awoyi ya isa gida. Iska ta juya tana kaɗawa daga teku zuwa tudu. Aka jefa anka biyu, wato ƙarafa masu nauyi da ke kama ƙasan ruwa su riƙe jirgi, sarƙoƙinsu suka tsinke ɗaya bayan ɗaya. Aka sare jigajigan jirgin, wato dogayen sandunan da ke ɗauke da ƙyallayensa, don a rage wa iska abin kamawa, injin ya yi iya yinsa, duk a banza. Jirgin ya tarwatse a kan duwatsu kusa da ƙauyen Moelfre, mutanen ƙauyen na tsaye suna kallo. Kimanin mutum 450 suka rasu, tazarar da ke tsakaninsu da busasshiyar ƙasa kuwa 'yar kaɗan ce. Wannan masifa ce ta sa Robert FitzRoy, shugaban ofishin kula da yanayi na Birtaniya, ya fara aika gargaɗin guguwa zuwa tashoshin jiragen ruwa a 1861.

Na fara da wannan labari ne domin masu yawon shaƙatawa a gefen gaɓa kullum a inda Royal Charter ya halaka suke kai-kawo, wato 'yan kilomitoci daga tudu. Mutane kan ɗauka wanda ke bin gaɓa ya fi mai tsallaka Tekun Atlantika kwanciyar hankali. Ta wata fuskar haka ne, tunda yana da tashoshin da zai fake kuma agaji na kusa. Ta wata fuskar kuwa shi ne ya fi ƙarancin filin yin kuskure.

Jirgin da ake magana a kai

Jirgin da nake nufi ƙarami ne, tsawonsa mita 9 zuwa 14, irin wanda iyali ko abokai huɗu zuwa shida ke kwana a ciki. Yana da dogon jigo a tsakiya, da ƙyallaye biyu masu tare iska, babba a baya da ƙarami a gaba, da ɗan injin dizal. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan nauyi na dalma ko ƙarfe da ke rataye cikin ruwa, wanda kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin duka. Shi ne ke sa in iska ta kwantar da jirgin ya sake miƙewa.

Gudunsa bai wuce kilomita 9 zuwa 13 a awa ba. Wannan adadi shi ne tushen duk wani lissafi, domin guguwa kan yi tafiyar da ta ninka hakan sau uku ko huɗu. Ba a tsere mata a irin wannan jirgi. Sai dai a riga ta isa mafaka, ko kuma a tare ta a wurin da ya dace. Haka kuma jirgin ƙyalle ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakarsa ya karkata kusan digiri 45 daga inda take fitowa, ya riƙa yin gaba yana karkacewa hagu da dama. In iska ta tsananta, ko wannan ma sai ya gagara, ruwa ya riƙa ture shi gefe fiye da yadda yake ci gaba.

Ƙarfin iska ba a jere yake hawa ba

Matuƙa na auna iska da ma'aunin da wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga mataki na 0 zuwa na 12. Mataki na 4, wato kilomita 20 zuwa 28 a awa, shi ne daɗin tafiya. Na 6 ya kama daga 39 zuwa 49, kuma ga ƙaramin jirgi mai ɗauke da iyali wannan ya riga ya zama aiki. Na 8, daga 62 zuwa 74, shi ne guguwa sosai. Na 10 ya fara daga 89.

Inda sabon shiga ke ruɗuwa shi ne ya ɗauka daga 4 zuwa 8 ninki biyu ne kawai. Nauyin da iska ke ɗora wa ƙyalle yana ƙaruwa ne da ninkin gudunta sau kansa. In gudun iska ya ninka biyu, turinta ya ninka huɗu. In ya ninka uku, turin ya zama tara. Tsakanin mataki na 4 da na 8, ƙyalle ɗaya, girma ɗaya, yana ɗaukar nauyin da ya kai ninki bakwai ko takwas.

Sannan adadin da ake faɗa a hasashen yanayi matsakaici ne. Hukumar yanayi ta Ostireliya kan maƙala wa hasashenta na teku gargaɗin cewa bugun iska na ɗan lokaci zai iya fin wanda aka faɗa da kashi 40 cikin ɗari, kuma igiyar ruwa mafi girma za ta iya ninka tsayin da aka ambata. Ba a banza suke nanata hakan ba. A tseren jiragen ruwa daga Sydney zuwa Hobart na Disamban 1998, jirage 115 suka tashi, 44 kaɗai suka kammala, biyar suka nutse, mutum shida suka rasu, aka ceto 55. Cikin abin da bincike ya nuna daga baya har da cewa matuƙa da dama ba su fahimci adadin da suke ji a rediyo matsakaici ba ne.

Gaɓa ma tana da nata sharrin a kan iska. Duk inda ƙahon ƙasa ya kutsa cikin teku, ko mashigi ya ƙuntata tsakanin tsibirai biyu, iska kan matse ta ƙara gudu, har ta haura mataki ɗaya ko biyu a kan abin da aka yi hasashe. A gindin manyan duwatsu kuma takan gangaro daga sama ba sallama. A Bahar Rum akwai iskokin da aka san su da suna: Mistral da ke biyo kwarin kogin Rhone a kudancin Faransa, Bora a tekun Adriyatik, da Meltemi da ke addabar tsibiran Girka da bazara. Mistral da Meltemi sau da yawa suna kaɗawa ne sama tas, rana ƙwal, babu ko ɗigon hadari. Wanda ya saba jiran ganin baƙin gajimare kafin ya shirya, waɗannan za su same shi a sake.

Raƙuman ruwa, inda ainihin maganar take

Iska ita kaɗai da wuya ta kifar da jirgi mai nauyi a gindi. Takan kwantar da shi, ƙyalle ya zubar da iskar, ya tashi. Abin da ke kifar da jirgi shi ne igiyar ruwa, ko raƙumin ruwa kamar yadda wasu ke cewa, kuma ba kowane raƙumi ba, sai wanda ya karye.

Girman raƙumi ya dogara da ƙarfin iska, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratso ba shamaki. Shi ya sa in iska na fitowa daga tudu, ko da ƙarfinta, ruwan bakin gaɓa kan kwanta, don ba ta samu filin tara shi ba. In ta fito daga teku kuwa, ta kwaso ɗaruruwan kilomitoci tana tarawa.

A tsakiyar teku raƙumi mai tsayin mita huɗu ko biyar kan zo da dogon doro, tazara mai yawa tsakaninsa da na bayansa. Jirgi ya hau, ya sauka, kamar mai hawa tudu. Ruwan ba tafiya yake ba, motsi ne ke wucewa ta cikinsa. Amma da zarar zurfi ya ragu, gindin raƙumin ya fara jin ƙasa. Sai gudunsa ya ragu, na baya ya matso, doron ya gajarce, tsayi ya ƙaru, fuskar ta miƙe kamar bango. In zurfin ruwan ya kusa daidai da tsayin raƙumin, sai kansa ya kife gaba. A nan ruwan ya daina kai-kawo a wuri ɗaya, ya zama tan-tan na ruwa da ke rugowa da gudu. Gwaje-gwajen da aka yi da ƙananan samfuran jirage a Jami'ar Southampton a shekarun 1980 sun nuna cewa karyayyen raƙumin da tsayinsa ya kai kashi 30 cikin ɗari na tsawon jirgi zai iya kifar da wasu jiragen in ya same su a haƙarƙari, wanda ya kai kashi 60 kuwa babu samfurin da ya tsira masa. Ga jirgi mai mita 10, ana maganar mita uku ke nan zuwa shida. Mita uku ba wani abin mamaki ba ne a bakin kogi ranar da iska ta taso.

Abu na biyu da ke karya raƙumi shi ne gudun ruwa. A mafi yawan gaɓoɓin duniya teku kan ciko ta janye sau biyu a yini, kowane ɓangare awa shida da 'yan mintoci, kuma cikowar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. Ruwan da ke cikowa da janyewa gudu yake yi a gefen gaɓa kamar kogi, yana sauya alƙibla kowace awa shida. In iska da ruwa suka nufi wuri ɗaya, teku kan yi laushi. In suka yi karo, raƙuman sai su taƙaita, su miƙe, su fara karyewa. Wuri ɗaya, iska ɗaya, amma da hantsi ka wuce kana hira, da la'asar ka tarar da shi ya zama tafasasshiyar tukunya. A mashigin da ke tsakanin tsibirin Alderney da ƙahon La Hague na Faransa, gudun ruwa kan haura kilomita 18 a awa, ya fi gudun jirgin kansa. Wanda ya shiga a lokacin da bai dace ba, ba shi da ikon juyowa.

Irin wannan karon ne ya sa gabashin gaɓar Afirka ta Kudu ya yi ƙaurin suna. Ruwan Agulhas, wani ƙaƙƙarfan gudun ruwa a cikin tekun, na gangarawa kudu maso yamma, guguwa kuma daga can take fitowa, sai su haɗu su tayar da raƙuman da suka taɓa illata manyan jiragen dakon kaya. A can shawarar da ake ba matuƙa ita ce su matso ta wajen gaɓa, cikin layin zurfin mita 200, su fita daga ƙarfin gudun ruwan. Na kawo wannan ne don kada a ɗauki maganata ta farko a matsayin doka ɗaya tilo. Abin nema shi ne sanin inda ruwa zai karye, a kauce masa, ko ta wane gefe ne.

Gaɓar da iska ke tura ka gare ta

Matuƙi kan raba gaɓa gida biyu: wadda iska ke fitowa daga gare ta, da wadda iska ke tura shi gare ta. Ta farko garkuwa ce. Ta biyu ita ce ta ci Royal Charter.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Jirgin da ya daina tafiya a cikin guguwa, iska da ruwa kan ja shi kamar kilomita uku a awa. In guguwar za ta ɗauki awa 12, yana buƙatar fili na kilomita 36 a bayansa, babu dutse, babu tudun rairayi. Mai tsallaka teku yana da dubbai. Mai bin gaɓa wataƙila 15 gare shi, wato awa biyar kafin ya ji ƙarar ruwa na dukan dutse. Shi ya sa tambayar farko da matuƙi ke yi wa kansa in yanayi ya fara sauyawa ita ce: me ke bayana ta inda iska za ta kai ni?

Kuma amsar ba a tsaye take ba. A arewacin duniya, in guguwa mai juyi ta wuce, iska kan tashi daga kudu maso yamma ta koma arewa maso yamma, wani lokaci cikin 'yan mintoci. Lungun da ka jefa anka da yamma yana kare ka, da tsakar dare zai iya zama buɗaɗɗen baki, duwatsu a bayanka. Don haka kafin a kwanta ake tsara hanyar fita cikin duhu, a kuma saki sarƙa mai yawa. A ranar lumana ninki huɗu na zurfin ruwa kan isa, in ana jiran iska kuwa ninki bakwai ko fiye, domin anka tana riƙewa ne in ana jan ta a kwance. Girma ma ba ya ba da tabbaci: jirgin alfarma mai suna Bayesian, mai tsawon mita 56, yana kan anka ne kusa da Porticello a tsibirin Sisili lokacin da guguwar ba-zata ta nutsar da shi da asubahin 19 ga Agustan 2024, mutum bakwai suka rasu.

Kafin a kwance igiya

A ganina kashi mafi girma na fama da guguwa a tasha ake yin sa. Hasashen kwana biyu zuwa uku a yau abin dogaro ne ƙwarai, ga shi a waya, ga shi a rediyon jirgi. Sai dai yana son a iya karanta shi. A gargaɗin guguwa na Birtaniya, alal misali, kalmomin lokaci suna da ma'ana ƙayyadadda: akwai mai nufin cikin awa shida, akwai mai nufin tsakanin shida zuwa 12, akwai mai nufin bayan 12. Akwai kuma ma'aunin matsin iska, baromita, da ke rataye a ɗakin jirgi. Adadin da yake nunawa bai kai saurin saukarsa muhimmanci ba. In ya sauka fiye da miliba shida, wato maki shida a ma'aunin, cikin awa uku, iska mai ƙarfi na bakin ƙofa, ko me hasashen jiya ya ce. Shi ya sa ake rubuta adadinsa kowace awa a littafin jirgi.

Amma abin da ya fi jefa mutane cikin wahala shi ne kalanda. An yi hayar jirgi na mako ɗaya, dole a mayar da shi ranar Asabar. Wani na da tikitin jirgin sama, wani zai koma aiki Litinin. Sai matuƙi ya zauna yana duba hasashe uku, ya zaɓi wanda ya fi yi masa daɗi. Na fi jin tsoron wannan hali fiye da kowace guguwa, domin daga nan mutum ya daina tambayar ko ya dace a fita, ya koma neman hujjar fita. Sauri ya haifi nawa. Tsarin tafiya nagari kan bar kwana ɗaya ko biyu a sake, ya kuma tanadi tashoshin fakewa a hanya, da sanin wacce ake iya shiga da wace iska, a wane matakin cikowar ruwa.

Rage ƙyalle tun da sauƙi

In iska ta ƙaru a hanya, maganin farko shi ne rage girman ƙyalle. Matuƙa na cewa lokacin ragewa shi ne lokacin da tunanin ragewar ya fara zo maka. Dalili a fili yake. A mataki na 4 aikin minti uku ne. A mataki na 7, ga yadda yake: mutum ya ɗaura igiyar tsaro ya rarrafa zuwa gindin jigo, doron jirgi a karkace yana santsi, ruwan gishiri na watsa masa a ido. Na kan sitiyari ya karkatar da goshin jirgi wajen iska, ƙyalle ya fara fizga yana ƙara kamar harbi, sandar da ke riƙe gindinsa tana lilo a daidai kan mutum. Na gaba ya sassauta igiyar ɗagawa, ya jawo ƙyallen ƙasa da yatsun da sanyi ya sandarar, ya saƙala zoben a ƙugiya, ya sake ɗaurewa, duk da hannu ɗaya, don ɗayan na riƙe da jirgi. Ba ya jin abin da na baya ke faɗa. Abin da kan ba sabon shiga mamaki shi ne bayan an rage, gudun jirgin ba ya raguwa sosai. Yakan miƙe, sitiyari ya yi sauƙi, hankalin kowa ya dawo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A daidai wannan lokacin ne ake rufe kowace taga da ƙofar ɗaki, a ɗaure duk abin da zai iya tashi sama, a dafa abin ci mai zafi a zuba a fulas, kowa ya sa rigar ruwa da rigar hana nutsewa, a sa alamar inda ake a taswirar takarda ko da na'ura za ta mutu.

In abin ya wuce haka, akwai dabarar tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa. Ana barin ƙyallen gaba a ɗaure ta gefen da iska ke fitowa, yana ture goshin jirgi waje, sannan a juya sitiyari ya riƙa mayar da goshin cikin iska, a ɗaure shi a haka. Ƙarfin biyu sai su soke juna. Jirgin ya tsaya a karkace yana zamewa a hankali, hayaniya ta lafa, har a iya shan ruwan zafi a yi tunani. Wata dabarar ita ce a ba iska baya a bi ta, ana jan wani abu a ruwa da zai hana jirgi zurawa da gudu a gangaren raƙumi. Wani injiniyan jiragen sama Ba'amurke, Donald Jordan, ya ƙirƙiro doguwar igiya mai ɗauke da ƙananan mazurarai sama da ɗari don wannan aiki. Duk dabarun biyu fili suke ci, kuma fili shi ne abin da mai bin gaɓa ya fi ƙarancinsa.

Game da inji kuwa, ina jan kunne. Girgizar ruwa kan tayar da dattin da ya kwanta a gindin tankin dizal ya toshe matatar injin, igiyar da ta faɗa ruwa kuma kan naɗe farfela. Wato a ranar da aka fi buƙatarsa ne ya fi saurin mutuwa.

Jirgi ya fi mutanen cikinsa juriya

A watan Agustan 1979 jirage 303 suka tashi daga Cowes a kudancin Ingila a tseren Fastnet, tafiyar da ta haura mil 600 na teku, a zagayo wani dutse a kudu maso yammacin Ailan a dawo Plymouth. Daren 13 zuwa 14 ga wata guguwa ta afka musu. Waɗanda suka kammala ba su kai 90 ba, 'yan tsere 15 suka rasu. Adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: jirage 24 aka gudu aka bari, amma biyar kaɗai suka nutse. Sauran 19 an same su suna yawo a kan ruwa. Bakwai daga cikin mamatan sun rasu ne bayan sun koma kwalekwalen ceto na roba, alhali jiragen da suka baro ba su nutse ba. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Daga nan koyarwa ta kafu cewa ba a barin jirgi sai in nutsewa yake da gaske ko wuta ta ci shi.

Ban ga laifinsu ba. Mutumin da jirgi ya juya da shi cikin duhu, ruwa har gwiwa a ɗaki, kaya na shawagi, ɗan'uwansa na zubar da jini, tunaninsa ba irin namu ba ne da ke zaune a inuwa. Abin da ke karya matuƙa ke nan: jiri da amai, sanyi, yunwa, rashin barci. Jirin teku na zuwa ne in abin da ido ke gani ya saɓa da motsin da cikin kunne ke ji, shi ya sa zama a waje ana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, ko riƙe sitiyari, kan taimaka. Maganinsa kuma kafin a tashi ake sha. Jirgi mai mutum biyar zai iya komawa mai mutum ɗaya cikin awa biyu, kuma wannan ɗayan shi ne zai tuƙa, ya duba taswira, ya yanke shawara da gajiyayyar ƙwaƙwalwa.

Faɗawa ruwa ita ce mafi muni. A ruwan da sanyinsa ya gaza digiri 15, minti na farko numfashi kan kuɓuce wa mutum, ya shaƙi ruwa ba da sonsa ba. In ya tsallake wannan, yana da kamar minti goma kafin hannuwa su daina yi masa biyayya. Kan mutum a cikin raƙuman ruwa kuwa ɗan ƙaramin abu ne, da dare ba a ganinsa sam. Gajeriyar igiyar da ke haɗa ƙirjin mutum da jirgi, a wurina, ta fi duk wata na'ura mai tsada da ke cikinsa.

Hazo ma mugun yanayi ne, ko da babu iska. A nan abin tsoro manyan jirage ne, kuma dabarar ita ce a koma ruwa marar zurfi inda ba sa iya zuwa, a riƙa busa ƙaho, dogo ɗaya gajeru biyu kowane minti biyu in da ƙyalle ake tafiya.

A shiga ko a jira?

Shawara mafi wuya takan zo ne a ƙarshe. Dare ya yi, kowa ya jiƙe, biyu na kwance suna amai, ga fitilun tasha ja da kore suna ƙyaftawa kilomita uku a gaba. Iska na bayanka tana tura ka ciki. Amma tashar a bakin kogi take, akwai tudun rairayi a mashiginta, ruwa kuma janyewa yake yi, yana fitowa yana karo da raƙuman da ke shiga. Daga teku bayan raƙumi kawai kake gani, mai santsi, ba ka ganin farar fuskarsa da ke karyewa. In ka shiga, babu juyowa, don juyawa na nufin ba raƙumi haƙarƙari.

Matuƙin da ya san aikinsa yakan juya goshi waje, ko da abokan tafiya na gunaguni. Ko ya nemi wata tasha mai zurfin baki da ke bayan ƙahon ƙasa, ko da ta fi nisa da awa huɗu, ko ya ja da baya ya sami fili ya tsayar da jirgi har gari ya waye. Yakan kira masu tsaron gaɓa a tasha ta 16 ta rediyon jirgi ya faɗi inda yake, da yawan mutanensa, da niyyarsa. In matsala ta fara tsananta, kamar mutuwar inji ko rauni, akwai kiran Pan-Pan na gaggawa, wanda bai kai Meide na ceton rai ba, kuma masu ceto sun fi son a kira su tun jirgi na da sauran fili.

Da safe, in ruwa ya juya yana cikowa, kamar awa ɗaya ko biyu kafin ya cika, sai a tunkari mashigin. An rufe ƙofar ɗaki, kowa ya ɗaura igiyarsa, inji na aiki amma an bar ɗan ƙyalle a sama ko da zai mutu, an kwance anka tana jiran a sake ta. Mutum ɗaya ya juya baya yana kallon raƙuman da ke tahowa, yana faɗa wa na kan sitiyari girman kowanne, har a ga manyan sun wuce an sami ɗan sarari, sannan a ƙara wuta a bi bayan na ƙarshensu.